Pan Gubreg na Fata

Shekara talatin da huɗu na yi ina zaune a bayan Nengah Rampag ina buga masa ƙarafan kiɗa. Dalang ne, mai wasan inuwa, kamar ubansa da kakansa. Ya rasu bara bayan girbi, kuma a wurin ƙona gawarsa mutane suka yi ta zuba yabo, har da waɗanda barci ke kwashewa tun wasa bai yi nisa ba. Ni ban ce uffan ba ranar. Abin da na sani game da shi ba na faɗa a tsaye ba ne.

Ba mutum ne mai daɗin zama ba, gara in faɗa tun yanzu. Maƙogwaronsa shi ne sarkin gidan. Kullum wuyansa a naɗe da ƙyalle, ba ya shan ruwan sanyi, ba ya cin soyayyen abu, in hadari ya taso shi ne farkon shigewa ɗaki. Matarsa takan ce da ta sani da maƙogwaron ta aura kai tsaye ta huta. Ta rasu da wuri, ba su haihu ba, ya ci gaba da zama daga shi sai akwatin 'yan wasansa na fata, siffofin mutane da yake yankawa don nuna inuwarsu. Amma in aka ɗaura farin ƙyalle, aka kunna fitilar man kwakwa, ya maƙale guntun katakonsa tsakanin yatsun ƙafa ya buga akwatin sau uku, sai ka yafe masa komai. Murya ta fi ashirin da ke fitowa daga wannan siririn wuya, kuma ba ta taɓa rikice masa ba.

Aboki ɗaya gare shi a duniya, Pan Gubreg, mai kula da rabon ruwa a gonakin shinkafar ƙauyenmu, Tegalamba. Tare suka yi kiwon agwagi suna yara. Pan Gubreg gajere ne mai tumbi, muryarsa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, kuma babu wanda ya tsira daga bakinsa. Sai ya gama yi wa mutum tas, sannan ya yi gyaran murya ya ce, "Ni dai ban ce komai ba."

Wata shekara saniyarsa ta faɗa kwazazzabo ta karye wuya. Nengah ya je roƙon fatar.

"Me za ka yi da ita, Ngah? Wani sarkin za ka ƙara yankawa? Sarakunan da ke akwatinka sun fi mutanen ƙauyen nan yawa, kuma ko ɗaya ba ya noma."

"Ba ni dai."

"Ɗauka. Amma in ka tashi yi mata kambi, ka tuna ɓarauniyar rogo ce."

Bayan wata biyu, a bikin haikali, ana tsakiyar wasa, sai wata sabuwar inuwa ta leƙo daga gefen ƙyalle: gajere, tumbi a gaba, fartanya a kafaɗa, haɓa tana motsi da zare. Inuwar ta yi gyaran murya. Tun ba ta furta kalma ba filin ya kaure da dariya. Pan Gubreg ya miƙe zumbur daga cikin jama'a yana nuna ƙyallen.

"Ƙarya ne! Tumbina bai kai haka ba!"

Inuwar ta juyo a hankali, ta ce da muryarsa sak, "Ni dai ban ce komai ba."

Na manta inda nake a kiɗan, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Tun daga ranar ƙauyen ya zama yana da Pan Gubreg biyu, na tsoka da na fata. Matarsa, Men Gubreg, takan ce ta fi son na fatar, don shi ana iya rufe shi a akwati.

Shekara goma sha tara ana haka. Abin da mutane ke jin nauyin faɗa wa shugaban unguwa, na fata zai faɗa a bainar jama'a, na tsoka yana zaune a gaba yana gyara masa inda ya rage.

Sai damunar nan ta zo. Kwana biyar ruwa bai ɗauke ba. Rana ta shida da hantsi Pan Gubreg ya saɓi fartanya ya hau tudu don ya buɗe magudanar da ta toshe, saboda ruwa ya fara shiga gidajen gangare. Ina kan rufin madafa ina toshe yoyo na ji ƙarar. Na ɗaga kai na ga tudun yana saukowa gaba ɗaya, bishiyoyin kanumfari a tsaye a kansa. Ya rufe gida bakwai da mutum goma sha uku. Cikin kwana tara aka tono goma sha biyu. Pan Gubreg ko fartanyarsa ba a samu ba.

Mu ba ma kuka a kan mamaci, hawaye na ɓata masa hanya. Haka aka rene ni, na kuma yarda, amma a watan nan na tsani wannan tarbiyya. Men Gubreg ta yi kwana tara tana dafa wa masu tono gahawa, fuska a sake, tana tambayar kowa ko sukari ya ji. Ƙauye guda yana murmushi, kuma babu mai iya haɗiyar shinkafa. Yara suka daina magana. Da an ji yayyafi a kan kwano sai su shige ƙarƙashin gado, sai an jawo su ta ƙafa. Wani tsoho, Pekak Dablag, wanda ya rasa jikoki uku, kullum da safe yakan ɗauki tsintsiya ya je ya share lakar inda tsakar gidansa take a da.

Bayan kwana arba'in da biyu, da aka gama tsarkake ƙauyen, shugaban unguwa ya zo gidan Nengah ya zauna ƙasa, ya kira shi da laƙabin girmamawa.

"Jero Dalang, a yi mana wasa. Alloli sun sami nasu. Wannan na mutane ne."

Nengah ya amsa. Da muke jera 'yan wasan a kututturen ayaba, na lura ya bar Pan Gubreg na fata a can ƙasan akwati. Na gyaɗa masa kai. Mu duka mun ɗauka tausayi ne.

Zauren ya cika maƙil. Aka fito da sarakuna, aka yi yaƙi, barorin sarki suka yi barkwancinsu, ko tari babu wanda ya yi. Ban taɓa buga kiɗa a cikin irin wannan shiru ba. Can sai muryar mace ta taso daga ɗaya gefen ƙyallen.

"Jero Dalang, ina nawa?"

Men Gubreg ce.

"Tudu ya binne ɗaya. Kai ma ka binne ɗayan?"

Na ga rigar Nengah ta jiƙe sharkaf a baya. Hannunsa ya daɗe a cikin akwati. Sannan inuwar ta leƙo da tumbinta, ta yi gyaran murya.

"Wa ya ce a yi taro ba a kira ni ba?"

Wata mata ta ƙwalla ƙara ta toshe bakinta. Shi kuwa na fata ya shiga kiran mamatan ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu yadda na tsoka ya saba. "Men Rinten! Ko a can ma gishirin miyarki yawa yake yi? Made Jegog, ajiye zakaran nan, tun da kake kai shi faɗa bai taɓa ci ba. Ku ukun nan na gidan Pekak Dablag, ku sauko daga mangwaron mutane, na gan ku!"

Pekak Dablag ya bushe da dariya, dariyar ta karye a tsakiya ta koma kuka. Daga nan kowa ya saki. Fuskokin duk suna kan ƙyalle, babu mai kallon wani, saboda haka babu wanda ya ji kunya. Ni ma na buga sauran kiɗan ba na ganin ƙarafan.

Wasan ya yi aiki, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Muka maimaita sau da yawa. Nengah ya ƙirƙiro wani wuri inda ake ruwa, na fata yana rawar jiki yana ƙoƙarin ɓoye tumbinsa a ƙarƙashin fartanya, yara suna ihu suna gaya masa inda zai gudu. Yaran da suka yi wata biyu ba su buɗe baki ba, ga su suna koya wa Pan Gubreg jarunta. Ƙauyuka uku da tudu ya taɓa suka aiko mu je.

Sai dai akwai abin da ban sani ba sai da na je gidansa wata safiya karɓar sandunan kiɗa. Na tarar da Men Gubreg zaune a dakali da gahawa kofi biyu. An saki labulen ƙofa, inuwar na fata tana kai, Nengah yana ciki. Tana yi wa inuwar magana kamar mijinta, tana ce masa Bli, wato yaya, Nengah yana amsawa da muryar Pan Gubreg.

"Bli, ina ka ajiye laujen nan? Na duba ko'ina."

"Kin duba inda kika jefe ni da shi?"

Ta yi dariya, ta tura kofi ɗaya ƙarƙashin labule.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba a fito da 'yan wasa daga akwati sai da furanni da turare da addu'a, shi ya koya mini. Ga shi ya zaro ɗaya kamar cokali. Da ta tafi na yi masa magana, ya ce yau ɗaya ce. Yau ɗayar nan ta kai wata huɗu, kowace safiya.

Rani ya shigo, aka sa ranar da za a ƙona mamatan goma sha uku tare. Wanda ba a samu gawarsa ba, ana sassaƙa masa itacen sandal a madadinta, matarsa ta hau inda ya ɓace ta kira sunansa sau uku, ta ɗebo ƙasa cikin tafin hannu ta kawo shi gida. Men Gubreg ta ce ba za ta ba.

"Wa ya mutu? Ɗazun nan muka rabu, yana mitar gahawa ta yi sanyi."

In ranar ta wuce ba a sa shi ba, ƙauyen ba zai sake haɗa irin wannan taro ba sai bayan shekara biyar. Shekara biyar yana can cikin laka, bai tafi ba, bai dawo ba. Ɗansu Gubreg, wanda ake kiran iyayen da sunansa, ya taso musamman daga jirgin ruwan da yake aiki. Na ga ƙaton mutum ya durƙusa a tsakar gidan Nengah, yana ce masa Bapa, wato baba.

"Bapa Nengah, ka sakar mana uwa."

"Ita ke zuwa. In kore ta?"

Da yaron ya fita na rufe ƙofar gidan. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Bli, daina raina mana hankali. Ba don ita kake yi ba. Na ga yadda kake share dakali tun kafin ta iso."

Ya daɗe yana murza ƙyallen wuyansa. Sannan ya kira ni da gajeren sunana, ya ce, "Pan Gubreg ya biyo ta nan, Man. Safiyar da tudun ya sauko. Ya tsaya a bakin ƙofar can, ruwa na zuba daga hularsa. Ya ce, 'Ngah, zo ka riƙe mini igiya, yanzu za mu dawo.' Na ce masa ruwa ake yi, maƙogwarona. Ya ce, 'To zauna, amarya, kada ki narke.' Ya tafi yana dariya."

"Da ka je da ku biyu tudun ya rufe."

"Na sani. Kullum sai na lissafa hakan, kuma kullum sai in ga da ya fi." Ya taɓa wuyansa. "Saboda wannan na ƙi binsa. Yanzu nan ne kaɗai inda ya rage. In na yi muryar yana nan, Man. Ina jin sa a haƙorana."

Tausayinsa ya kama ni, amma bakina ya riga zuciyata. Na ce, "To riƙe shi. Ya kwana a laka shekara biyar don kai ka ji daɗin haƙoranka." Na fice. Mako guda ba mu yi magana ba, kuma har yau ban tabbatar ko daidai na yi ba.

Saura kwana uku a ƙona gawa ya aiko in zo da kayan kiɗa, da sassafe. Na tarar ya shirya tsakar gida irin shirin wasan rana da ake yi wa alloli: kututturen ayaba, reshe biyu a kafe, farin zare a tsakaninsu, babu ƙyalle, babu fitila. Furanni da turare suna wurinsu. Ya zauna a fili, na fata a hannunsa.

Men Gubreg ta shigo da kofunanta biyu ta tsaya cak. Na fara kiɗa a hankali. Nengah ya ja zaren haɓa, ya buɗe bakinsa a gabanta, rana tana haska shi.

"Kin makara yau. Ko kin sami wani ne?"

Ba ta kalli ɗan wasan ba. Bakin Nengah take kallo, yadda leɓensa ke karkacewa, yadda jijiyar wuyansa ke tashi. Ya ƙara jimla biyu, ta ɗaga hannu.

"Ya isa, Jero Dalang. Abin ba kyan gani."

Ta ajiye kofunan ta zauna.

"Ka ɗauka na haukace ko? Na san wa ke bayan labule. Babban yatsan ƙafarka kullum a waje yake." Ta gyara zaninta. "Shekara talatin da takwas mutumin nan yana cika mini kunne, ina roƙon ranar da zan huta. Ga ta ta zo. Yanzu in na ajiye cokali sai ƙararsa ta firgita ni."

Sai Nengah ya gaya mata maganar igiya, da muryarsa ta kansa, ƙarama, wadda mutane kaɗan suka sani. Ta saurara har ya gama.

"Ni ya fara tambaya," in ji ta. "Na ce masa shinkafa na kan wuta."

Ban san lokacin da na ajiye sandunan ba. Muka zauna mu uku, kaji suna yawo a tsakaninmu, turaren yana ci har ya mutu.

"Zan hau in ɗebo ƙasar," ta ce daga baya. "Amma ba zan ƙona guntun itacen da bai san ni ba shi kaɗai. Ka ba ni wannan. Dama fatar saniyarmu ce. Kuma har da muryar, Jero Dalang, ka daina yin ta. In kun je wani ƙauye kuna yi, zan ji labari, zan bi ku. Na san halina."

Na ɗauka zai yi gardama. Wannan ɗan wasan shi ke cika masa fili, shi ne abincinsa. Ya zare shi daga kututture, ya naɗe shi a ƙyallen wuyansa, ya miƙa mata da hannu biyu.

Washegari ta hau tudun, ɗanta yana riƙe da ita. Kira na farko da na biyu sun fito. Na ukun sai da aka jira ta. Ranar ƙonawa aka kwantar da na fata kusa da itacen sandal, aka yi wa Pan Gubreg duk abin da ake yi wa mutum. Fata ba ta ci da sauri. Ta naɗe, ta yi baƙi, ƙaurinta ya cika filin, Nengah yana tsaye wuya a buɗe, hayaƙi na shiga masa, bai matsa ba.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana wasa. Duk inda muka je sai wani ya yi ihu, "Ina mai tumbin?" Sai ya buga akwati ya wuce. Gayyata ta ragu. Wasu suka ce ya tsufa, wasu suka ce girman kai ne, matasa kuma dama sun koma kan wayoyinsu. Na sha ba shi shawara ya yanka wani sabo da wata murya daban, ya ce ba shi da wani abokin. Men Gubreg ta buɗe rumfar soyayyar ayaba a bakin hanya, ta yi ƙiba, bakinta ya yi kaifi har ana cewa gado ta ci. Ba ta sake taka dakalinsa ba. In sun haɗu a haikali sukan gaisa da ladabi kamar surukai.

A ciwonsa na ƙarshe ni nake jinyarsa, don babu wani. Wata rana da azahar ya ce in rufe ƙofa.

"Ban karya mata alkawari ba, Man. Ko a banɗaki ban taɓa yi ba."

"Na sani, Bli."

"Amma na yi ha'inci kaɗan. Duk shekarun nan ina gaya wa kaina tana nan, na adana ta, in na so zan ɗauko. Da wannan nake barci." Ya yunƙura na tallafe shi ya zauna. "Ina so in ji shi sau ɗaya. Kai kaɗai ne a nan. Ba za ka faɗa ba?"

Na ce ba zan faɗa ba.

Ya ja numfashi, ya karkata leɓe, ya buɗe baki. Abin da ya fito muryar tsoho ce mara lafiya. Ya sha ruwan ɗumi ya sake. Ya gwada ta ƙasa, ya gwada ta hanci, ya fito da muryar wani baran sarki da ya daɗe da daina amfani da ita, ya girgiza kai. Gumi ya keto masa. Ya kama hannuna da ƙarfi.

"Yaya take ne? Kai ka yi shekara goma sha tara kana jin ta. Fara mini, zan kama."

Na rufe ido na nema. Na ga tumbin, na ga fartanyar, na tuna kalmomin duka, har inda jama'a ke fashewa da dariya. Sautin ne babu. Zan iya yi masa ƙarya, in yi wani gurnani in ce ita ce, amma shi ba a yi masa ƙarya a kan murya.

"Ban sani ba, Bli. Ni ma ta ɓace mini."

Ya saki hannuna a hankali. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, bakinsa yana motsi ba sauti, yana ci gaba da lalube.

"Ashe da gaske ya tafi," in ji shi.

Na gyara masa matashi ya kwanta. Bai sake tambayata ba, kuma bayan kwana huɗu ya rasu.